Likita, ta yaya ake gane mutum ya samu taɓin hankali?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan lafiyar ƙwaƙwalwa suke, na ɗauki guda huɗu, na cire sunayen masu su.

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Likita barka da aiki. Ina da kawu tela ne, ya haura shekara 50, baya shiga mutane, ba biki ba suna, wani lokacin sai kaji yana magana shi kaɗai a kan keke, 'yan gidanmu suna cewa da ɗan motsi a kansa. Amma yana ɗinkinsa lafiya lau yana ciyar da iyalinsa. Mu kai shi asibiti ne?

Amsa: Ɗana, kafin komai ka tambayi manyan gida, tun yaushe kawu yake haka? In tun yana saurayi haka Allah ya yi shi, toh hali ne, ku kyale bawan Allah. In kuma da mai fara'a ne mai shiga jama'a, sai cikin 'yan watannin nan ya janye, wannan canjin shi ne abin dubawa.

Mu a asibiti abubuwa huɗu muke haɗawa mu auna. Shin halin ya saɓa da abin da aka saba a inda mutum yake rayuwa, shin yana sa shi ƙunci da wahala a ransa, shin ya hana shi sana'a ko karatu ko ibada ko zama da iyali, sannan akwai haɗari gare shi ko ga wasu? Sai mu ƙara da tsawon lokacin da abin ya ɗauka. Kawunka ma'auni na farko kawai ya taɓa, kuma na farkon nan shi ne mafi rauni a cikinsu, shi kaɗai baya isa a ce mutum bashi da lafiya, domin abin da ake ganin baƙo ne a wani gari a wani garin shi ne tarbiyya. Dubi uwa Bahaushiya da bata kiran sunan ɗanta na fari, bata wasa da shi a gaban mutane, likitan da bai san kunya irin tamu ba zai iya rubuta cewa bata son ɗanta, alhali ita ta fi kowa sonsa.

Kuma tarihi ya nuna illar auna mutane da ma'aunin masu iko. A 1851 wani likita a Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa wai bayin da ke guduwa daga iyayengijinsu wata cutar ƙwaƙwalwa ce ke damunsu, har suna ya raɗa mata. Mutum yana gudun bauta an ce shi ne mara lafiya! Shi ya sa kundin DSM-5 da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka fitar a 2013 ya faɗa ƙarara cewa saɓa wa jama'a kawai, ta fuskar siyasa ko addini ko makamancinsu, ba cuta bane sai in daga wata tangarɗa a tunani ko ji ko ɗabi'ar mutum ya taso. Maganar da kawu ke yi shi kaɗai kuwa, da yawanmu muna yi in aiki ya ɗau hankali. Inda zan damu shi ne in amsa yake ba wata murya da shi kaɗai yake ji, ko ya fara cewa ana bibiyarsa ana sa masa guba a abinci, ko ya daina wanka da barci.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Maraɗi: Babanmu ya rasu wata biyar kenan, mamanmu ta fita takaba amma har yanzu tana kuka, kuma tace wani lokacin da magariba kamar tana jin sallamarsa. Ina tsoron kar ta zauce.

Amsa: Allah ya jiƙan baba, ya ba ku haƙuri 'yar'uwa. Jin kamar muryar mamaci ko ganin kamar giftawarsa abu ne da ke faruwa ga mutane da yawa da suka rasa abokin zama, musamman in an daɗe tare, kuma ba hauka bane tunda ta san ya rasu. Wata biyar ba wani lokaci bane. Kundin ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022, baya kiran baƙin cikin rashi cuta sai ya wuce aƙalla wata shida yana nan da zafinsa, ya zarce abin da al'adar mutanen ta sani, ya kuma hana mutum rayuwa. Ku dai lura, in ta daina cin abinci tana ramewa, ko tana cewa gara ta bi shi, kar ku jira wata shida, ku kai ta a duba ta.

Tambaya daga wani matashi a Kano: Likita ni alwala ce matsalata, sai na maimaita na maimaita, kullum ji nake ban wanke wani wuri ba, har jam'i yana wuce ni. Na san ba daidai bane amma na kasa bari.

Amsa: Malam, ka ga kai ka cika ma'aunin da na faɗa a sama, abin yana cin ranka kuma ya hana ka sallar da kake wa alwalar. Waswasi kowa yana samu jefi-jefi, amma in yana cinye maka sama da awa ɗaya a rana toh ya zama lalurar da muka sani, kuma tana da magani. Akwai ƙwayoyi da ake sha, sai an yi makonni kafin a ga aikinsu, akwai kuma horo da masanin halayyar ɗan Adam zai maka na yin alwala sau ɗaya ka tashi ka jure ƙaiƙayin komawa har ya lafa da kansa. Malamai ma abin da suke cewa kenan, kar a biye wa waswasi. Ka je asibitin Dawanau ko na Malam Aminu Kano.

Tambaya daga wani magidanci a Gusau: Matata ta haihu kwana goma kenan, tun bayan suna bata barci, tana surutai marasa kan gado, jiya tace jaririn ba nata bane an canza mata. Iyayenta sun ce iska ce, za a kai ta ƙauye a yi mata ruƙiya.

Amsa: Alhaji, taka ce mafi gaggawa, dan Allah yau ɗin nan ka kai ta asibiti, kar a kwana. Wannan ruɗewar jego tana samun mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace haihuwa 1,000, yawanci a sati biyun farko, kuma ana warkewa sosai in an kama da wuri. Wani lokacin ma ba daga ƙwaƙwalwar abin ya faro ba, zazzaɓi mai zafi daga ciwon mahaifa, ko maleriya, ko hawan jini na bayan haihuwa duk suna birkita mai jego, kuma waɗannan suna kisa in an yi sake, sai an auna ta an ɗebi jini za a tantance. Ban hana addu'a ba, a yi mata a gefen gadon asibiti, ba mai hana ku. Abin da ban yarda da shi ba shi ne duka ko ɗauri ko turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Ka samu surukanka cikin ladabi ka ce likita ne ya ce a fara auna jininta. Kafin ku isa kar a bar ta ita kaɗai da jaririn ko na minti ɗaya, a kawar da wuƙa da magunguna daga ɗakin, a samu babbar mace ta riƙe yaron. Asibitin da ta haihu za ku fara zuwa, in sun ga da buƙata su za su tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a Sakkwato ko na Barnawa a Kaduna.