Tambayi Kawu: Da wane jirgin yaƙi zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗalibi ne a Marwa. Na daɗe ina kallon bidiyon masu harhaɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba, maket ɗin nan da ke zuwa gutsi-gutsi a kwali, har abin ya shiga raina. Yayana da ke aiki a Faransa zai zo hutu, ya ce in zaɓi guda ya taho mini da shi. Ni dai Yamato nake so, ko Bismarck, ƙato wanda duk wanda ya shigo ɗakina sai ya tanka. Ban taɓa haɗa ko ɗaya ba. Wanne zan ce ya sayo?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya yi wa yayanka albarka. Amma kada ka ce masa Yamato, kada ka ce masa Bismarck. Ba bana ba.

Fara da lambar da ke jikin kwalin. In ka ga 1/350, kowane santimita ɗaya a teburinka mita uku da rabi ke nan a jirgin gaske. Yamato na Japan, wanda jiragen saman Amurka suka nutsar ranar 7 ga Afrilun 1945, tsawonsa mita 263 ne, don haka naka zai kai santimita 75. Bismarck na Jamus, da ya nutse ranar 27 ga Mayun 1941, mita 251 ne, wato wajen santimita 72. Ka aro tef ɗin tela ka gwada a teburin karatunka, ka ga inda littattafanka za su koma.

Tsawon ma ba shi ne abin tsoro ba. Gangar jirgin da manyan igwoyinsa a yammaci ɗaya ka gama da su, kana ta murna. Wahalar tana sama. A tafiyarsa ta ƙarshe Yamato na ɗauke da ƙananan bindigogin kakkaɓo jiragen sama masu milimita 25 wajen 150, akasarinsu uku-uku a mazauni ɗaya, kuma kwalin zai ba ka su ka dasa da hannunka. Kowace ba ta wuce ƙwayar shinkafa ba. Ka yanko ta daga sandar robar da take maƙale, ka kankare gefen da reza, ka kama da matsefata, ka ɗiga gam da bakin tsinke, ka saita ta, ta karkace, ka gyara. In ka matsa matsefatar da ƙarfi sai ka ji ƙas, ta yi tsalle, ka wuni a durƙushe kana laluben tabarma. In ka gama wannan sai ta gaba, iri ɗaya sak, har sau gommai. A nan yawancin sababbin shiga ke rufe kwali su cusa shi ƙarƙashin gado, kuɗi sun tafi, sha'awa ta mutu. Jirgin farko wanda za ka iya kai wa ƙarshe nake so maka, ko da ba zai burge baƙi daga bakin ƙofa ba.

Ga abin da za ka rubuta wa yayanka: Tamiya, 1/350, Fletcher DD-445. Jirgi ne matsakaici mai gudu, irin waɗanda ke rakiyar manya, kuma Amurka ta ƙera guda 175 irinsa a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawon na gaske ya kusa mita 115, naka zai tsaya a santimita 33. Yana da duk abin da ke sa a kira jirgi na yaƙi: igwa biyar masu milimita 127, bututun hayaƙi biyu, maharban nakiyar ruwa, ɗakin matuƙa. Za ka koyi kowane irin aiki a kansa, amma sau biyar ko goma, ba sau hamsin ba. Na fi son kamfanin Tamiya ga mai farawa don gutsattsarinsu na zama daram inda aka ce su zauna, takardar bayaninsu kuma zane ne mai lamba, ko ba ka jin yaren da ke jiki za ka bi. Kuɗinsa ma bai kama ƙafar na Yamato ba, ragowar sai ta tafi wajen fenti da buroshi.

Wani zai ce maka ka ɗauki 1/700, ai ya fi araha, Yamato ma bai kai santimita 38 ba a wannan awo. Gaskiya ne, kuma kamfanonin Japan sun cika kasuwa da su tun 1971, yawanci an yanke su daidai inda ruwa ke tsayawa, ba su da ciki. Sai dai ƙanƙanta ba ita ce sauƙi ba. Bindigar da ta ba ka wuya a 1/350 rabinta za a miƙo maka. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Tunda a Faransa za a yi sayayyar, da wuya mai kanti bai nuna wa yayanka Heller ba, kamfanin da aka kafa a ƙasarsu, mai yin jirage a awon 1/400. A cikinsu akwai Richelieu, babban jirgin yaƙin Faransa, wanda ni kaina nake ji da shi, don labarinsa ya taɓa nahiyarmu. Yana tashar Dakar a Satumban 1940 lokacin da Ingila da mutanen Janar de Gaulle, Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, suka zo karɓar garin, ya buɗe musu wuta, suka koma ba su samu ba.  Duk manyan igwoyinsa takwas a gaba suke, huɗu-huɗu, ba kasafai ake ganin irinsa ba. Amma zubin tsoho ne, sai ka yi ta gogewa da cike giɓi kafin ɓangarorin su haɗu. Ajiye shi ya zama na biyu ko na uku.

Abu ɗaya ka ja kunnen yayanka a kai: kada ya ga kwali mai tsada ya ce shi ne mai kyau. Waɗansu na zuwa da siririn faranti na tagulla wanda aka zana shingayen gefen jirgi da tsani a jiki, a yanka a lanƙwasa. Yana ƙara kyau ƙwarai, amma aikin gwanaye ne, gam ɗin roba ma ba ya kama shi.

Kayan aiki kuwa kasuwar Marwa ta ishe ka: reza, abin yanke farce, matsefata, sanfefa mai laushi, tsinken sakace, da tire mai baki da za ka yi aikin a ciki don abin da ya faɗi ya tsaya. Gam ne ke da magana. Na maket narkar da robar yake yi kaɗan har ɓangarorin su zama ɗaya, shi ya sa ya fi kowane. Amma yana kama wuta, jiragen sama kuma ba sa yarda da irinsa a jaka, don haka yayanka ya tambaya kafin ya sa a akwati. In bai samu zuwa da shi ba, gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake sayarwa a kowane shago zai yi. Ka ɗiga shi a murfin kwalba ka riƙa ɗiba da tsinke, kada ka taɓa matsa shi kai tsaye a jikin jirgi, kuma ka gwada zaman kowane gutsure a bushe tukuna, don ba ya ba da damar gyara.

Fenti ya sayo mai ruwa: toka-toka, ja mai duhu na ciki, baƙi, da shuɗi mai duhu na daɓen sama. Fentin mai na gini ya yi kauri, zai binne duk zanen, tinar mota kuma tana cin roba. Zafinmu shi ne abokin gaba. A bazara fenti mai ruwa bushewa yake a bakin buroshi kafin ya isa jirgi, don haka ka yi shafe da sassafe, ka sirka da ɗigon ruwa, shafa biyu ko uku marasa kauri. Kashe fanka. Da hunturu kuwa, da ka gama ka kife kwali a kai, in ba haka ba ƙura ta manne har abada. Kada ka bar kwalin a cikin mota a rana ko dab da rufin kwano, gangar za ta bauɗe.

Tambaya: Kawu, ina gaisuwa daga Njamena. Ɗana mai shekara 11 ya dame ni da maganar irin waɗannan jirage. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Ya dace in saya masa?

Amsa: Ina amsawa, Hajiya. Ya dace, in za a zauna tare da shi. Ki nema masa jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus samfurin VII C, kamfanin Revell na yin sa. Na gaske mita 67 ne, a awon 1/144 kuma yana kai wa santimita 46, babba ne a idon yaro, ga gutsattsarin ba su da yawa: ɓari biyu na jiki, hasumiya, igwa guda, farfela. A 'yan kwanaki zai ga abu ya tashi, kafin ya gaji. Reza da gam su zauna a hannunki ko na babansa, a yi aikin a tsakar gida ko kusa da taga saboda wari, ƙananan gutsattsarin kuma a kawar da su daga inda ƙannensa masu rarrafe za su kai hannu.