Wane injin zarto mai tebur ya dace da ƙaramin aljihu?

Ɗan'uwa, ka ce injin zarto mai tebur kake nema, mai sauƙin kuɗi, don ƙananan ayyukan kafinta a gida. Shawarata, kada girman motar da ke juya zarton ya ruɗe ka. Wat 1500 zuwa 1800 ya ishe ka.

Inda masu araha suka fi ha'inci shi ne sandar jagora, wadda katako ke bi ta gefenta. Ka kulle ta, ka tura ta da hannu. Idan ta motsa, bar injin nan, don yankanka ba zai taɓa miƙewa ba, kuma sanda karkatacciya kan sa katako ya matse zarton ya dawo maka da ƙarfi. Shi ya sa kuma ba na ko kallon injin da ba shi da siririn ƙarfen nan na bayan zarto, mai hana tsagar rufewa.

Zarto mai faɗin milimita 254 na yanka kauri kusan milimita 80, na 210 kuwa kusan 65. Idan filawud za ka riƙa rabawa biyu, duba ko sandar jagora na buɗewa milimita 610 daga zarton.

Zarton da ke zuwa da injin galibi ba shi da daɗi. Ware kuɗin sabo mai haƙora 40, da sandar tura katako.