Ina so in shirya fim kan yaron Sakkwato mai mafarkin hip-hop: ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina zaune Mabera, kuma ina taɓa kabu-kabu da yamma. Na kalli 8 Mile da Gully Boy ba adadi, har na rubuta labarin wani yaro na garinmu da ke son zama mawaƙin hip-hop. Abokaina sun karanta sun ce kwaikwayo ne tsagwaronsa, wai irin wanga fim bai karɓi Sakkwato ba. Gaskiya suka faɗi?

Amsa: Ƙanena, ban ga rubutunka ba, amma ina zargin abokanka sun yi gaskiya a rabin farko, sun kuskure a na biyu. Yawancin masu kawo mini irin wannan labari tufafin finafinan suke ɗaukowa: hula a karkace, sarƙa a wuya, faɗan daba, sai babban dandali a ƙarshe ana ta ihu. Abin da ya riƙe finafinan kuwa daban ne.

Koma ka sake kallon 8 Mile, wanda ya fito a 2002. Sunan fim ɗin ma sunan titi ne, wanda ya raba birnin Detroit da unguwannin da ke bayansa. Yaron da Eminem ya fito a matsayinsa yana kwana a gidan tirela, wato ƙaramin gida mai taya, tare da uwarsa, yana aiki a masana'antar buga ƙarfe. Farkon hawansa dandali, aka miƙa masa makirufo, bakinsa ya mutu murus. Da ya ci gasar baki a ƙarshe, wato inda mawaƙa biyu ke yi wa juna zambo a gaban jama'a, ba kwangila ya samu ba, ba mota ba. Juyawa ya yi ya koma aikin dare. Gully Boy na 2019 ya fi shi daɗin ƙarshe, amma shi ma ƙarfinsa na cikin ɗakin nan na Dharavi a Mumbai, inda uba direba ya shigo da amarya a kan idon uwar yaron, kowa na jin numfashin kowa. Waƙa a waɗannan finafinai mafita ce ga wanda ba shi da inda zai yi magana a ji. Don haka tambayar da za ka fara amsawa ita ce: me ya toshe bakin yaronka a Sakkwato?

A nan ne kake da abin da Detroit ba ta da shi. A ƙasar Hausa, waƙa sana'ar gado ce ta maroƙa da makaɗa, kuma har gobe akwai gidajen da za su ji daɗin waƙa a biki amma ba za su ba mawaƙi 'yarsu ba. A garin da Hubbaren Shehu yake, inda ake auna mutum da karatunsa da asalinsa, ɗan malami ya ce zai yi waƙa, kuma waƙar ma ta Amurka, wannan kaɗai ya isa fim. Sai dai ka yi hattara da uban. Marubuta matasa sukan mayar da shi dodo mai sanda, kuma da zarar an yi haka labari ya mutu. Ka ba shi hujja mai ƙarfi. Ya ga 'ya'yan maƙwabta da ƙwaya ta lalata, yana tsoron ranar da za a nuna shi a masallaci a ce ga uban wane. Idan mai kallo ya rasa wanda zai goya wa baya tsakanin uba da ɗa, to ka kama hanya.

Masu cewa gasar baki baƙuwa ce a nan, ina ganin ba su taɓa tsayawa filin dambe ba. Kirari, zuga, habaici, zambo, duk muna da su tun kafin DJ Kool Herc, wanda ake ɗauka a matsayin uban hip-hop, ya haɗa faifansa a unguwar Bronx ta New York a 1973. Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙar da ke sa jinin ɗan dambe tafasa. Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, idan ya juya kan abokin hamayyar ubangidansa, ba ya kama suna amma kowa ya san wanda aka soka. Yaronka ba daga waya kaɗai ya koyi sarrafa harshe ba; ya ji shi a rediyon kakansa da bakin 'yan kamasho a tasha. Ni da zan rubuta, sai in sa ya sha kaye sau biyu yana kwaikwayon Turancin Amurka, ya ci nasara ranar da ya buɗe baki da Sakkwatanci. Kuma don Allah kada ka wanke harshen ya koma Kananci saboda kasuwa. “Mi kaka nema?” da “yat tahi” su ne za su sa ɗan Runjin Sambo ya ce wannan namu ne. Su Classiq da DJ AB sun riga sun nuna ana iya gambara da Hausa a saurara. Muryar Sakkwato ce har yanzu ba a ji sosai a fim ba.

Game da nuna ƙuncin rayuwa, ba sai ka cika allo da wuƙaƙe da kwalaben maye ba. Ƙunci a lissafi yake. Nawa ne kuɗin situdiyo, fasinja nawa zai ɗauka daga Dandima zuwa kasuwa kafin ya haɗa su, bayan ya cire na mai da balas ɗin mai babur? A Hustle & Flow na 2005 akwai wurin da suke kashe fanka a zafin Memphis don kada ƙararta ta shiga rikodin, suna waƙa gumi na zuba. Kai da ka san Sakkwato a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga janareton maƙwabci na ruri, ka fi su abin nunawa.

Abu biyu na aiki. Ka rubuta waƙoƙin kafin ka kammala labarin, kuma su zama naka ko na wanda kuka yi yarjejeniya da shi a rubuce, domin kiɗan da ka sauko da shi daga intanet zai iya sa YouTube ta toshe fim ɗin ko kuɗinsa ya tafi aljihun wani. Sannan idan kuɗinka kaɗan ne, zuba su a sauti kafin kyamara. Mai kallo zai yafe hoto mai duhu, amma ba zai zauna wa fim ɗin waƙa da ba a jin baitinsa ba. Jarumin ma gara ka nemo yaron da ya iya waƙa ka koya masa wasa; akasin haka ya fi wuya. In za ka kai shi sinima ko kasuwa, sai ya bi ta hukumar tace finafinai ta ƙasa, don haka ka rage ashar tun a takarda.

Ka fara da gajeren fim na minti goma sha biyar: yini ɗaya, daga asuba zuwa daren gasa. Ka aiko mini da shafi biyar na farko, musamman inda uba da ɗa suka zauna kan tabarma ɗaya.