Tambaya da Amsa: Ta yaya kwamfuta ke gane akwatin da aka jona mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar makaranta ce a Zariya. Na sayi akwatin nan da masu shago ke kira dokin siteshan, na hannu, don in riƙa jona laftof ɗina da babban allo idan zan shigar da makin ɗalibai. A laftof ɗin maigidana komai yana yi. A tawa kuwa kibod da linzami suna aiki, amma allon baƙi ƙirin. Waya ɗaya ce, ramin ma iri ɗaya ne. Akwatin yana zaɓen kwamfuta ne? Ta yaya ma suke gane juna?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri kan hidimar yaranmu. Tun farko ki kwantar da hankalinki, akwatinki lafiyarsa ƙalau, tunda ya yi aiki a hannun maigida. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma ramin USB-C, wato ramin da kike soka wayar akwatin, shi ne wurin da na fi ganin gaskiyar wannan magana a teburin gyarana. Tun da aka fito da shi a 2014 siffarsa ɗaya ce a kowace na'ura, amma abin da aka haɗa a bayansa ya danganta da kamfani da kuma kuɗin na'urar.

Abin da ke faruwa idan kin soka wayar ya yi kama da zuwan baƙo. Akwai sallama, akwai tambayar daga ina, sannan a zo kan abin da ya kawo shi.

A cikin bakin wayar akwai 'yan ƙarafa 24. Ramin yana da guda biyu da ake kira CC, kuma ta nan ake sallamar. Akwatin da ke ba da wuta ba ya sakin komai sai ya ji ɗan rizisto, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai ƙarfin om 5,100 a ɓangaren laftof. Da ya ji shi, ya san an zo, sai ya saki bolt 5. Daga nan su fara magana ta wannan layin. Akwatin ya jero abin da yake iya bayarwa, misali bolt 5, 9, 15 ko 20, laftof ta zaɓi wanda ya dace da ita. Ita ma wayar ana tambayarta. Mai ɗaukar amfiya 5 tana da ɗan cif a kanta, wato 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki, da ke ba da shaida. Wadda ba ta da shi, ba za a ɗora mata fiye da amfiya 3 ba, wato wat 60 a bolt 20. Shi ya sa wani zai kawo min babbar laftof yana cewa batirinta ya mutu, alhali wayar ce ta rage wutar.

Bayan an daidaita kan wuta sai laftof ta ce wa akwatin, kai wane ne? Amsar tana ɗauke da lambobi biyu, lambar kamfani da lambar samfuri. Ta kamfani wata ƙungiya ce ke rabawa, USB-IF, wadda aka kafa a 1995. Ta Apple 05AC ce, ta Dell 413C, ta HP 03F0, ta Lenovo 17EF. Ta samfuri kuwa kamfanin ne ke sa wa kayansa da kansa.

A nan ne na fi son mutane su tsaya su fahimta. Mu muna ganin akwati ɗaya a kan tebur, ita kwamfuta ayari take gani. Mai rarraba ramukan USB zai gabatar da kansa da lambarsa. Cif ɗin wayar intanet zai zo da tasa, kuma sau da yawa za ki tarar 0BDA ce, ta Realtek, ko da wane suna aka buga a murfin akwatin. Na sauti ma haka. Kowanne yana miƙa ɗan taƙaitaccen bayani na bayit 18, Windows ta duba lambobin da ajin na'urar, ta nemo manhajar da za ta tuƙa shi. Kibod da linzami ajinsu sananne ne ga kowace kwamfuta, shi ya sa naki suka tashi nan take. Har allon ma yana da tasa takardar shaida, wadda ake kira EDID, inda yake faɗin sunansa da girman hoton da yake iya nunawa.

To, hoto fa? Yawancin waɗannan akwatuna suna karɓar hoto ne da harshen DisplayPort, wato wani tsari na aika hoto zuwa allo, ta hanyar aron wasu daga layukan wayar. Akwatin zai sanar cewa yana jin wannan harshe, da lambar FF01. Sai laftof ta amsa ta umarce shi ya shiga wannan yanayin kafin hoto ya fita. Laftof ɗin maigida tana amsawa. Taki, bisa dukkan alamu, ba a ja layin hoto zuwa raminta ba tun daga masana'anta, abin da aka saba yi a masu sauƙin kuɗi. Wannan ba abu ne da sabunta Windows ke gyarawa ba, kuma kada ki yarda wani ya karɓi kuɗinki da sunan zai yi wa kwamfutar fomat. Abin yana min ciwo, domin na ga wata ɗaliba da aka goge wa aikinta na kammala karatu a wani shago kan irin wannan matsala, allon kuma bai kawo ba.

Ki duba gefen ramin. Idan akwai alama mai kama da harafin D, ko alamar walƙiya ta Thunderbolt, to ramin yana fitar da hoto. Wasu kamfanonin ba sa buga alama, don haka ki nemi bayanin samfurin laftof ɗin a shafin kamfaninta. Ki lura kuma da ƙasan allo ta hannun dama lokacin da kika jona. Akwatunan da aka ƙera bisa ƙa'ida, idan maganar hoto ta ci tura, suna sake gabatar da kansu a matsayin allon sanarwa, sai Windows ta fito da ɗan saƙo cewa haɗin allon yana da iyaka.

Mafita mafi arha ita ce ki jona allon kai tsaye da ramin HDMI na laftof ɗinki, ki bar wa akwatin kibod da linzami. Idan lallai waya ɗaya kike so, ki nemi akwati mai cif ɗin DisplayLink, lambarsa 17E9. Shi yana matse hoton ya tura shi kamar sauran bayanan USB, amma sai an saka manhajarsa. Don shigar da maki da rubutu ya wadatar. Kuma ki tafi shagon da laftof ɗinki a gwada a gabanki. A Windows, ki buɗe Device Manager, ki shiga Properties na na'urar, sannan Details, ki zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bayan haruffan VID, wato lambar kamfani, ita ce za ta gaya miki cif ɗin wane kamfani ne.

TAMBAYA: Malam, sabuwar MacBook ɗina tana neman izinina idan na jona sabon akwati. Matsala ce? Daga wani ɗan'uwa a Maraɗi.

AMSA: Ba matsala ba ce, ɗan'uwa, tsaro ne. Lambobin da na ambata a sama na'ura ce ke faɗinsu da bakinta, kuma mugun mutum zai iya shirya na'urar da za ta yi ƙarya, ta ce ita kibod ce, ta shiga buga umarni. Shi ya sa tun daga macOS Ventura na 2022, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfutocin Apple, laftof ɗin Apple masu cif ɗin kamfanin suke tambaya kafin su bar sabuwar na'ura ta yi musayar bayanai. Caji yana tafiya ko ba ka amince ba. Idan akwatinka ne, ka amince. Idan ka tarar da shi ne a otal ko ɗakin taro, ka ƙi, ka yi caji kawai.