Injin kwamin ninkaya ya ƙone: gyara ko sabo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya aiko wa yara kwamin ninkaya daga Amurka, irin mai ƙafafun ƙarfe da ake kafawa a tsakar gida, faɗinsa ƙafa 15, zurfinsa ƙafa 4. Injin da ke tace ruwan, a jikin taransifoma muke jona shi. Ran Asabar aka ɗauke wuta, da aka maido ta sai ya yi ta gurnani ba ya jan ruwa, can muka ji ƙauri, ya yi shiru. Yau kwana uku, ruwan ya fara kore. A kai shi gyara ne ko a sayi sabo? In sabo ne, wane iri? Daga wata Hajiya a Madina, Akra.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda har an ji ƙauri, koyil ne ya ƙone, kuma ƙananan injinan nan a rufe ake yin su, an daskarar da koyil ɗin a cikin roba don kada ruwa ya taɓa shi. Mai naɗin koyil ba shi da ta inda zai shiga. Kuɗin gyaran ki haɗa ki sayi sabo.

Da gurnanin kaɗai aka ji aka yi maza aka zare fulogi, da da sauran magana. Sau da yawa tsakuwa ce ko gashi ko ganye ke maƙale farfelar ciki. A buɗe murfi, a cire matatar, a juya farfelar da yatsa, in ta saki shi ke nan. Manyan injina masu tankin yashi kuwa, in suna gurnani ba sa tashi, galibi kafasita ce ta mutu, mai gyaran fanka ma zai iya canza ta da mai lamba iri ɗaya. Amma injin da aka bari yana gurnani a tsaye, wuta yake sha ba ya juyawa, 'yan mintoci sun isa su gasa shi.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ki sake aikawa a kawo miki irinsa daga can. Juya tsohon ki karanta takardar da ke manne a jikinsa, za ki ga 110-120V da 60Hz. Wutar da ECG, kamfanin wutar Ghana, ke ba mu 230V ce, 50Hz. Taransifoma tana sauke ƙarfin wutar ne kawai, ba ta taɓa wancan lissafi na biyu, wato Hz, saurin jujjuyawar wutar. Injin da aka ƙera don 60 in ya samu 50, gudunsa yana raguwa da kashi ɗaya cikin shida, ruwan da yake ja ya ragu, zafin da yake ɗauka kuma ya ƙaru. Ke nan tun ranar farko a wahale yake aiki, dawowar wutar Asabar ƙarasa shi kawai ta yi. A shago, ko kwalin yana walƙiya, ki ce a fito miki da injin ki gani da idonki an rubuta 220-240V, 50Hz. Kayan kwantena da yawa na Amurka ne, mai sayarwa kuma cewa zai yi ai akwai taransifoma.

Sai girma. Kwami irin naki yana cin ruwa kusan lita 17,000. Ana so ruwan gaba ɗaya ya ratsa matata cikin awa 8, wato wajen lita 2,100 a awa. Sai dai lambar da ke jikin kwali ta inji ne shi kaɗai, ba tiyo ba matata. Da zarar an jona, ƙura ta fara taruwa, ta faɗi ƙasa sosai. Don haka kada ki sauka ƙasa da mai lita 3,785 a awa, wanda ake rubuta wa galan 1,000. Mai lita 5,678, wato galan 1,500, ya fi dacewa da gidan da yara ke shiga ruwa da ƙafa duk ƙasa. Na kamfanin Intex masu wannan girma biyu duk matatar takarda mai harafin A suke ɗauka. Kafin ki biya, tambayi mai shagon ko yana da matatar a ajiye, domin duk mako biyu ake canza ta, a hunturu ma ƙura ba ta bari ta kai haka sai ana wanke ta da tiyo duk kwana biyu ko uku.

In aljihu zai ɗauka, mai tankin yashi ya fi kwanciyar hankali, yashinsa na yin shekaru. Amma yashinsa na musamman ne, mai ƙwaya milimita 0.45 zuwa 0.85. Yashin gini ko na bakin teku zai toshe tankin ko ya dawo cikin kwamin. Kuma ba a murɗa hannun bawul ɗinsa inji na aiki.

Wurin da mutane suka fi yin sahu biyu zuwa kasuwa shi ne bakin tiyo. Iri biyu ne: milimita 32 da ake turawa a ɗaure da maɗauri, da milimita 38 mai zare da ake murɗawa. Manyan injina na 38 ne. In bakin kwaminki na 32 ne, sai an sayi mahaɗa guda biyu. Ki ba wanda za ki aika tsohon tiyon ya tafi da shi a hannu, ya fi bayani ta waya.

Haɗawar ba ta wuce rabin awa. A fara zare fulogi. Injin yana zaune ƙasa da saman ruwa, saboda haka duk wanda ya cire tiyo bai toshe ba, tsakar gida za ta zama rafi. In akwai bawul a bakin tiyo biyun, a rufe su. In babu, daga cikin kwamin ake cire ragar da ke bakin ramin tiyo, a cusa baƙaƙen marufan roba da suka zo da shi a ramukan biyu. Sannan a kwance tiyo, a tara bokiti. A ɗora sabon injin a kan bulo mai faɗi, a daidaice, inda ruwan sama ba ya kwanciya, a yi masa 'yar inuwa amma kada a lulluɓe shi da leda, iska yake so. Tiyon ramin ƙasa na kwamin shi ke kawo ruwa, ya shiga mashigar inji. Wanda ya fito daga inji ya koma ramin sama. A duba zoben roba a kowace mahaɗa ya zauna daidai, bai murɗe ba, bai tsage ba. Ɗaurin hannu ya isa, filaya fasa robar take yi.

Kafin a kunna, a buɗe bawul ko a cire marufan, sannan a sassauta ɗan abin murɗawa da ke saman murfin inji. Za a ji iska na huci, sai ruwa ya biyo baya. Ruwan ya fito sosai a ɗaure. Wanda ya tsallake wannan zai ji inji na ƙara amma ba ruwa a ramin sama, kuma ruwan ne ke sanyaya farfela da sandarta. Gudu a bushe yana kashe sabon inji a ranar da aka saye shi. Haka ma in ruwan kwamin ya sauka ƙasa da raga saboda rana da fantsamar yara, iska zai riƙa zuƙa.

Batun wuta kuwa, ki kira mai gyaran wuta na gaske. Soket ɗin ya kasance mai wayar ƙasa, a bayansa a sa burekar da ke yanke wuta in ta zurare, mai lamba 30mA. Ban da wayar ƙari da ake ja a ƙasa cikin danshi. A ƙara abin kariya irin wanda ake sa wa firji, mai jinkirta kunnawa 'yan mintoci bayan an dawo da wuta, yana kuma yankewa in wutar ta yi ƙasa ko ta hau. In an ɗauke wuta, a zare fulogi. Yara na cikin ruwa kuwa, inji a kashe, ko takardar masu ƙerawa haka ta ce.

Shi kuma ruwan da ya fara kore, kada a jira inji. Gansakuka ce, a zafin Akra kwana biyu ya ishe ta, kuma ruwan da ya kwanta ba kulorin sauro yake kira. Yau da magariba a narka garin kulorin a bokitin ruwa bisa ma'aunin da ke jikin robarsa, garin ake zubawa a ruwa, ba ruwa a gari ba. A zagaya ana zubawa, a goge bango da ƙasa da buroshi, a motsa ruwan. Sabon inji in ya zo, a bar shi yana aiki har ruwan ya washe, ana kashewa a wanke matata safe da yamma. Yara su haƙura sai ana hango ƙasan kwamin tar, takardar gwaji kuma ta nuna kulorin tsakanin 1 da 3, pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, tsakanin 7.2 da 7.6.