Rezin ɗinka ba jabu ba ne, hannunka ne ya yi nauyi

Wani mai gyaran bodin mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, ya rubuto cewa ya dama rezin, wato ruwan robar da ake gyaran bodi da shi, cikin gwangwanin madara da azahar, kafin ya shafa rabi gwangwanin ya ɗau zafi, ya yi hayaƙi, ya daskare. Wai jabu aka sayar masa?

Ƙanina, bar zargin mai kanti. Rezin yana daskarewa ne idan ƙananan ƙwayoyinsa suka riƙa kama juna kamar zoben sarƙa, kuma kowane ƙulli zafi yake fitarwa. Zafin ya ƙara wa aikin sauri, saurin ya ƙaro zafi. A shimfiɗe kan bamba iska na kwashe shi. A gwangwani mai zurfi ba shi da mafita. Maganin da ake zuba wa rezin don ya daskare, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ya isa, ku kuwa da ido kuke tsiyayawa. Dama kaɗan-kaɗan a faranti, da safe, a inuwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rezin da ake ɗurawa a gorar ruwan sha, ba takarda ba kwanan wata, a jere a rana. Masana'anta na zuba masa sinadarin da ke hana shi daskarewa da kansa, zafi kuwa cinye sinadarin yake. Ka ga ya yi kauri kamar zuma, mayar da sidinka aljihu. A Mayun 2020 tankin sinadarin sitayirin, wanda ke cikin rezin, ya ɗau zafi da kansa a Bishakafatnam ta Indiya, tururinsa ya kashe mutane a unguwannin kewaye.

Wani daga Aboabo na son liƙe salansa da sufa gulu. Haba Malam! Gam ɗin yana sakin jiki tun wajen digiri 80 na Salshiyas, salansa kuwa ya fi haka zafi. Kowace irin sarƙar nan da iyakar zafin da take ɗauka, inda kwancewa ke kamo ƙulluwa. Ta robar akirilik wajen digiri 220 ce. Je wurin mai walda.

Hajiyar Asawase da gam ya zube wa 'yarta a zane har ya ƙona ta: sannu, ba sakacinki ba ne. Auduga na sa sufa gulu daskarewa nan take, shi ya kawo zafin. Kada a fizge zanen, a jiƙa da ruwan sanyi. In wurin ya yi bororo, a kai ta asibiti.