Hilux ɗina na ɗaukar zafi tun da na canza mata inji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux a-kori-kura da nake ɗauko doya da ita daga Lafiya zuwa Jos. Bara injinta na asali, 3L, ya gaji, sai na sa aka ɗora mata 1KZ mai turbo ɗan Beljiyam. Na ƙara mata sifirin, na sa manyan tayoyi, aka yi mata waldar ƙarfen kariya a gaba da manyan fitilu biyu. A cikin gari lafiya lau take, ko da cunkoso. Amma da na yi lodi na kama Hawan Kibo, sai allurar zafi ta haura ja, ruwa ya fara tafasa. Bakanikena ya cire tamostat, ba ta daina ba. Yanzu ya ce sai an buɗe kan inji. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a buɗe kan injin nan tukuna. Akwai gwajin da za ka yi da kanka gobe da sassafe, ba ko sisi. Tun inji yana da sanyi, buɗe marfin lagireto, cika shi da ruwa har wuya, ka tayar da mota ka tsaya kana kallon bakin. Ƴan kumfa biyu ko uku na farko iska ce da ta maƙale. Idan kuwa kumfa ta ci gaba da tasowa ba yankewa, tana ƙaruwa in an taka totur, to hayaƙin cikin silinda ne ke shiga ruwa, wato gaskit ya ƙone ko kan injin ya tsage. Ka duba baƙin mai ko ya koma kalar shayi da madara, ka lura ko salansa na fitar da farin hayaƙi bayan inji ya ɗumama, ka kuma matsa tiyon sama na lagireto, wannan karon da marfi a rufe: in ya yi tauri kamar taya cikin minti biyu da tayarwa, alamar ba ta da kyau. Na fara da wannan ne saboda kan 1KZ na alminiyam ne, ba irin na 3L mai ƙarfen zubi ba, kuma an san shi da tsagewa idan ya sha zafi. In ka ga waɗannan alamu, bakanikenka ya yi gaskiya. Sai dai ko an canza kan, zafin da ya tsaga shi yana nan, zai tsaga sabon ma.

Amsar tana cikin bayaninka. Motar da ke zafi a cunkoso ta huce a kan titi, matsalarta fanka ce. Taka akasin haka take: tana lafiya in ba ta aiki, tana tafasa in aiki ya yi nauyi. Ma'ana inji na haifar da zafin da ya fi ƙarfin abin da ke fitar da shi.

Ka lissafa duk abin da aka canza, amma ban ji ka ambaci lagireto ba, kuma ina kyautata zaton na 3L ɗin aka bari, aka lanƙwasa tiyo aka haɗa. Injin 3L lita 2.8 ne, ƙarfinsa kusan doki 90. Shi kuwa 1KZ lita 3.0 ne da turbo, yana ba da doki 125 zuwa 130. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ya ƙona ruwa ne ke ɗaukarsa ya kai lagireto. Ka ƙara wutar murhu, tukunyar da za ta kwashe zafin tana nan yadda take, ga shi ta tsufa. Na sha sa a buɗe tankin saman irin waɗannan lagireto a gabana, sai ka ga bakin bututun ya toshe da farin dutse da jan tsatsa, har ka zura siririyar waya ta ƙi shiga. Daga waje kuwa fes yake. Bayan mota ta yi tafiya an kashe ta, ka shafa bayan hannunka a fuskar lagireton daga gefe zuwa gefe. Duk inda ka ji sanyi a tsakiyar zafi, ruwa ba ya bi ta nan. Shawarata ka nemi lagireton da aka yi wa 1KZ tun asali, irin na Hilux Surf ko Prado, ko a haɗa maka mai layi uku daidai da gurbin motarka. Wanke tsohon da sabulun gari ba zai ƙara masa girma ba.

Batun tamostat kuwa yana damuna ƙwarai, domin ya zama al'ada a garejojinmu a cire shi a jefar, wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Ba haka ba ne. A yawancin injinan dizal na Toyota yana fara buɗewa a wajen digiri 82, aikinsa ya riƙe inji a zafin da ya dace. A injina da yawa kuma yana da faifai na biyu a gindinsa, wanda ke toshe wata gajeriyar hanyar ruwa idan inji ya yi zafi, don dukkan ruwan ya bi ta lagireto. Da an cire shi wannan hanya ta zauna a buɗe, wani kaso na ruwan zafi ya riƙa kewayawa cikin inji bai taɓa ganin lagireto ba. Ka mayar da shi, sabo, mai kyau. Kafin a ɗaura, jefa shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta, za ka ga ya buɗe baki tun ruwan bai tafasa ba.

Marfin lagireto ƙaramin abu ne, amma a hanyarka yana da muhimmanci fiye da na mai tuƙi a Legas. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, a can ruwan da ba a rufe ba yana tafasa tun wajen digiri 96. Marfi mai lamba 0.9 idan yana riƙe matsi yadda ya kamata, ruwan zai haura digiri 110 bai tafasa ba. Robarsa ta tsage, ko sifirin ɗinsa ya saki, duk wannan rata ta tafi. Canza shi. Sannan ka daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, shi ke haifar da farin dutsen nan. Ka yi amfani da ruwan lagireto na galan, mai launi.

Sai iska. Tsuguna a gaban motar ka dubi abin da ya rage a buɗe tsakanin ƙarfen kariya da fitilu biyu da lambar mota. Ƙarfen ba laifi in bututu ne kawai, amma in mai walda ya shimfiɗa faranti a tsakiya, a yanke shi, fitilun kuma a mayar da su gefe. A hawa da lodi gudunka bai wuce kilomita 20 zuwa 30 ba, iskar hanya kaɗan ce, don haka fanka ce ke ɗaukar nauyin. Wajen canza inji sau da yawa ana cire rumfar robar da ke kewaye da fanka saboda ta ƙi zama, ba a mayar ba. In babu ita, fanka daga gefe take jan iska, ba ta cikin lagireto ba. A mayar, ko a ƙera ta da falle. Kulocin fankar ma a gwada shi: idan inji ya yi zafi ya kamata ka ji rurin fankar ya ƙaru. Ka kashe mota da zafinta ka juya fankar da hannu, in ta yi ta wulwulawa ba turjiya, man cikinta ya ƙare. A wanke ƙurar hunturu da ƙaiƙayi daga ramukan lagireto da ruwa marar ƙarfi, daga baya zuwa gaba, a duba fanbel ko ya saki.

Manyan tayoyi sun sa kowace giya ta yi tsawo, sifirin da ka ƙara kuma ya sa kana ɗora doyar da ta fi ta da. Sifirin yana hana mota durƙusawa ne kawai, bai rage wa inji wahala ba. Idan ka riƙe giya ta uku a hawa, totur a ƙasa, inji na gurnani, to mai da yawa ke ƙonewa alhali famfon ruwa da fanka na juyawa a hankali. Sauko giya ta biyu tun kafin ta fara nishi. In kana ganin baƙin hayaƙi a madubi, an buɗe wa famfon mai fiye da kima ko nozul sun gaji, wannan ma zafi ne, a kai wa mai gyaran famfo.

Wani abu da ya shafi motar da aka canza wa inji: allurar da ke gabanka ta 3L ce, na'urar da ke auna zafin kuma mai yiwuwa ta 1KZ ce, ba lallai su yi magana ɗaya ba. Ka sa a ɗaura mita ta daban mai nuna lamba. Tsakanin 82 da 95 lafiya ne. In ta doshi 105 a hawa, nemi gefe ka tsaya, ka ɗaga bonet, ka bar inji yana juyawa a hankali muddin akwai ruwa a ciki kuma fanka na aiki. In ruwan ya zube, kashe nan take. Kada ka taɓa marfin sai ya huce, don tururin yana saɓule fata, kuma kada ka kwara ruwan sanyi a kan alminiyam mai zafi.

Idan gwajin kumfa ya fito lafiya, fara da marfi da tamostat da rumfar fanka, sannan lagireto. Bayan nan ka koma Hawan Kibo da rabin lodi, a giya ta biyu, idonka a kan mita, kafin ka gwada da cikakke. Allah ya kiyaye hanya.